Malam Shittu da Zaman Shekarar Sanƙarau

Malam Shittu mutumin Wurno ne, ɗan unguwar marina. Ubansa Lauwali yana da ramukan baba a karofin bakin kasuwa, har ya bar duniya hannuwansa ba su rabu da shuɗi ba. Uwarsa Tani kaɗi take yi, tana kai zare wa masaƙa.

Tun bai daɗe da yaye ba aka gane yaron mai in'ina ne. In zai ce a ba shi ruwa, sai maganar ta maƙale a wuya, ya yi ta fama da ita yana buga ƙafa a ƙasa, har mai sauraro ya gaji ya ƙarasa masa. Sau da yawa kuma abin da ake ƙarasawar ba shi ne yake nufi ba. Yara na kwaikwayonsa, manya na cewa ya tafi ya dawo in ya shirya. Tani kaɗai ke jiransa. Takan ajiye mazari a cinya, ta zuba masa ido, ba ta cewa uffan sai ya kai ƙarshen zancensa, ko da tuwo na kan wuta. A gabanta ne kawai ya san cewa yana da labari a baki.

Shekarar da hakimi ya aiko a ba da yaro ɗaya daga kowace unguwa don makarantar boko, unguwar marina ba ta yi dogon shawara ba. Kowa na ɓoye ɗansa, sai aka nuna Shittu. Wani dattijo ma ya faɗa a fili cewa yaron da ba ya iya kai saƙo ba a yi asarar komai ba in Nasara sun ɗauke shi. Tani ta yi kuka, aka tafi da shi.

A can ne ya gano wani abin da ya ba shi mamaki. In karatu yake yi daga littafi, ko yana bita da ƙarfi tare da sauran yara, harshensa santsi yake yi kamar na kowa. Sai in zancen daga cikinsa zai fito ne yake tsayawa. Saboda haka ya riƙe karatu da hannu biyu. Ya gama elimantare, aka wuce da shi gaba, daga ƙarshe aka yi masa horon malanta. Ya daɗe yana koyarwa a wasu garuruwa, sannan bayan sojoji sun komo daga yaƙin Bama aka tura shi wani gari a ƙasar Goronyo, kusa da gulbin Rima, shi da matarsa Husainatu da ƙaramin ɗansu.

Makarantar ɗakuna biyu ce ta ƙasa, da rufin azara, da randar ruwa a ƙofa. Hedimasta shi ne Malam Ibrahimu, mutumin Rabah, dogo, mai son tsari, wanda ba ya wasa da lissafi. Shi yake da manyan yara, Malam Shittu kuma aka ba shi aji uku tare da ƙanana. 'Ya'yan manoman gero da albasa ne yawancinsu, da wasu daga Taloka da Kagara da ke zaune a gidajen dangi. 'Yan mata ba su da yawa, suna zama a gefe guda kusa da taga.

Ba a yi wata ba yara suka raɗa masa suna a ɓoye, Malam Tsaya-Tukuna, domin abin da ya fi faɗa ke nan in wani ya katse wani. Ya ji sunan, bai nuna ya ji ba. Bulalarsa tana rataye a bango, ba safai take saukowa ba, amma duk wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariya yana cikin magana ya san ranar ba zai ji daɗi ba.

A ƙarshen shekararsa ta farko, ana jibi za a ba da hutu, an gama jarrabawa, yara ba su da aikin yi sai tsalle a kan benci. Sai ya ce a jingina bencuna da bango, a zauna ƙasa a yi da'ira, kowa ya faɗi yadda shekarar ta zame masa: abin da ya koya, abin da ya dame shi, da abin da yake so a sake baɗi. Wannan zama na farko bai yi kyau ba. Wani ya ce abin da ya dame shi warin ƙafar wane, wane ya zagi uwarsa, kafin ka ce me an kaure da dambe, har Malam Ibrahimu ya shigo da sanda. Da yamma hedimasta ya ce masa, "Malam Shittu, ɗiya ba a tambayas su ra'ayi. Ka ga abin da kaj jawo."

Bai bari ba. Shekara ta biyu ya fara tun da wuri, kowace Alhamis yana ɗan gwada su a kan ƙananan abubuwa, kamar wa zai share aji, ko me za a shuka a lambun makaranta. Ya sa doka cewa mai magana shi ke da fili har sai ya ce da bakinsa, "Na ƙare." Ba a kiran kowa da sunan tsokana, ba a sa iyaye a ciki. Daga baya ya ƙara wata da ta fi ba su wuya: in za ka musa wa wani, sai ka fara maimaita abin da ya ce, har shi mai maganar ya yarda cewa haka ya faɗa. Yara sun tsani wannan dokar, domin sau da yawa kafin mutum ya gama maimaitawa ya manta da fushinsa. A hankali zaman ya zauna. Har ya kai ga yara na tambaya tun ana girbin gero, "Malam, yaushe za a yi zaman ƙarshe?" A irin zaman ne aka gaya masa cewa rubutunsa a allo ƙanana ne, na baya ba sa gani, da kuma cewa yana yawan kiran na gaba. Ya karɓa, ya gyara abin da ya iya.

Ana nan sai shekarar sanƙarau ta zo. Da zafin bazara ne, rana na dukan ƙasa, dare ba iska. Akwai wata yarinya a ajinsa, Khadijatu, 'yar Taloka, tana zaune wurin gwaggonta mai ginin tukwane. Yarinya ce mai surutu da saurin lissafi. Wata safiya ana cikin shifta ta kwantar da kai a kan allonta, ta ce wuyanta ya ƙi juyawa. Malam Shittu ya taɓa goshinta ya ji kamar garwashi. Shi ya ɗauke ta ya kai ta gida. Kafin mako ya zagayo ciwon ya bazu a gari. Aka rufe makaranta, aka hana cin kasuwa, aka kafa bukkokin zana a bayan gari inda ake kai marasa lafiya, malaman asibiti na zagayawa da farin magani. Ba ranar da ba a fita da gawa.

Cikin waɗanda suka tafi akwai yaran makaranta. Ɗaya daga cikinsu Sale ne, ɗan Mode manomin albasa, ƙanen wani yaro Halliru da ke aji ɗaya da Khadijatu. Sale ƙarami ne, amma da yake ɗaki ɗaya ake zama, wurinsa yana dab da gefen 'yan mata, kuma shi da Khadijatu sun saba. Takan duba masa lissafi, shi kuma ya ɗebo mata ruwa.

Khadijatu ta tashi, amma ciwon ya tafi da kunnenta na dama gaba ɗaya, na hagu kuma sai an kusanto an ɗaga murya. Da aka buɗe makaranta bayan ruwa ya sauka, ta dawo a rame, tana magana da ƙarfi don ba ta jin kanta. Malam Shittu ya matso da ita gaba, yana juyo mata da fuska in yana bayani. Ya lura yara na janye jiki daga gare ta. In ta sha ruwa a randa, ba mai taɓa moɗar sai an wanke. Halliru kuwa, wanda da shi ne mai sa aji dariya, ya zama kamar dutse. Ba ya kallon inda take. Malam Shittu ya yi musu bayani fiye da sau ɗaya cewa ciwon ba na mutum ɗaya ba ne, ya faɗa wa garuruwa da yawa a lokaci guda. Suka ce to, Malam, suka ci gaba da wanke moɗa.

Da ƙarshen shekara ya kusa, Malam Ibrahimu ya kira shi gefe a gindin bishiyar bedi.

"Bana ka bar zaman nan naka," in ji shi. "Shekarag ga ba ta tunawa ba ta. A yi musu addu'a a sallame su."

"Ɗ-ɗiyan suna tambaya," in ji Malam Shittu.

"Su tambaya. Kai ab babba."

Ya koma gida da maganar. Husainatu na tankaɗe a tsakar gida ya gaya mata. Ta ce ita dai tana ganin hedimasta na da gaskiya, miki bai warke ba. Ya ce ya sani. Amma in ya hana zaman a shekarar da aka fi buƙatar magana, yaran za su ɗauka cewa sauraron juna na ranar da ba abin faɗi ne kawai. Ta kaɗa rariya ta ce, "To, Allah shi sa ka iya da abin da za shi hito." Washegari ya gaya wa Malam Ibrahimu zai yi. Hedimasta ya ɗaga kafaɗa, bai hana ba.

Ranar ta zo, da hantsi aka jingina bencuna. Da'irar ta yi ƙanƙanta fiye da ta bara, kowa ya gani, ba wanda ya faɗa. Aka fara daga dama. Wani ya ce ya koyi rabawa mai saura. Wata yarinya, Fatsuma, ta ce abin da ya dame ta shi ne akuyoyi sun cinye yakuwar lambu. Wani ya ce yana so baɗi a riƙa tashi da wuri ranar kasuwa. Aka ɗan yi dariya. Malam Shittu ya fara jin sanyi a ransa, yana cewa watakila za a wuce lafiya.

Sai aka zo kan Halliru. Ya ce, "Ni ban koyi komi ba. Abin da yad dame ni, ƙanena ya mutu, wadda tak kawo ciwon ko ga ta nan zaune."

Malam Shittu ya buɗe baki don ya tsayar da shi, harshen ya maƙale, kuma a cikin wannan ɗan jinkirin ya tuna cewa yaron bai ce ya ƙare ba. In shi mai dokar ya karya ta yau, ta karye ke nan. Sai ya tambaya a hankali, "K-ka ƙare?"

"Ban ƙare ba," in ji Halliru. "Ita ta hwara kwantawa, kowa ya gani. Sale kusa da ita shi ka zama, moɗa guda su ka sha. Ita ta tashi, shi bai tashi ba. Tun rannan Innarmu ba ta sake dariya ba. Kullum in na zo makaranta sai in gan ta, in koma gida in iske tabarmas Sale naɗe. Na ƙare."

Khadijatu na zaune kusa da malam. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga idanu sun juyo kanta, ta ga Fatsuma ta rufe baki da hannu. Ta ja hannun rigar malam, ta ce da babbar muryar nan tata, "Malam, mi yac ce?"

A nan ne Malam Shittu ya shiga tsaka mai wuya. Yana iya sunkuyawa ya ce mata Halliru na kewar ƙanensa ne, a wuce wurin. Da ba wanda zai tona. Amma yarinyar ta yi watanni tana ganin ana wanke moɗa a bayanta ba ta san dalili ba, kuma ya san yadda ake ji in mutane sun yanke abin da ya kamata ka sani ba tare da kai ba. Ya dubi Halliru.

"Maganag ga t-taka ta, kuma a kanta kay yi ta. Kowa ya ji, ita ba ta ji ba. Ko ka kai mata ga kunne, ko ni in kai mata yadda kah hwaɗe ta. Zaɓi."

Halliru ya yi kamar ba zai motsa ba. Can ya tashi, ya ratsa tsakiyar da'irar, ya durƙusa ta hagunta. Tun bazara bai taɓa zuwa kusa da ita haka ba. Ya fara a hankali, ta girgiza kai alamar ba ta ji. Dole ya ɗaga murya. Ya sake faɗin abin da ya faɗa, da ƙarfi, dab da fuskarta, yana ganin yadda ƙasusuwan wuyanta suka fito. Wannan karon maganar ta fito a gajarce, bai ambaci moɗa ba.

Malam ya taɓa kafaɗarta, ya nuna mata da baki cewa in za ta amsa, ta fara maimaitawa.

Ta ce, "Halliru ya ce ni nik kashe Sale."

"Ban ce hakanan ba!" Halliru ya yi saurin cewa, ya sake matsawa kunnenta. "Ban ce kin kashe shi ba. Cewa niy yi ke kinka kawo ciwon."

"To. Ya ce ni nik kawo ciwon da yat tahi da Sale."

"Haka na," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. Malam ya gyaɗa mata kai.

Ta gyara zama. "Ni ban san inda nis samo shi ba. Ban tahi ko'ina ba, daga gidan gwaggo sai makaranta. In ni nik kawo shi, wallahi ban sani ba." Ta tsaya, aka jira ta. "Da nit tashi, ba wanda yag gaya min Sale ya rasu. Ko an hwaɗi, ban ji ba. Ranad da anka buɗe makaranta na zo mashi da goriba, don ya ce min yana so tun kahin in kwanta. Na aje ta ga wurinai. Har anka tashi bai zo ba. Wanshekare na sake ajewa. Na ɗauka hushi shi kai da ni kamar yadda ku duka ku kai. Sai da nir riƙa kallon bakin Malam in shina kiran suna, nig ga kullum ba shi cewa Sale. Sannan nig gane." Ta share hanci da bayan hannu. "Ban tambayi kowa ba, don ba mai tsayawa kusa da ni. Na ƙare."

Malam Shittu ya ji kamar an soke shi. Shi ma bai taɓa tunanin ko an gaya mata ba.

Doka ta ce in Halliru zai amsa, sai ya maimaita. Ya fara. "Ta ce ba ta san inda tas samo shi ba. Ta ce ba wanda yag gaya mata. Ta ce ta zo mashi da..." Nan maganar ta tsaya. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Ya miƙe ya fita da gudu, aka ji kukansa a bayan ɗaki. Wani yaro ya yunƙura zai bi shi, malam ya ɗaga hannu ya ce a bar shi.

Sai wani ɗan siririn yaro daga Kagara, Ma'u, wanda bai cika buɗe baki ba, ya ce shi kakarsa ta riga Khadijatu kwantawa, kuma ba ta taɓa taka makaranta ba, da aka kafa bukkoki ma a gida aka ɓoye ta don kada a kai ta can. Fatsuma ta tashi da kanta ta je ta faɗa wa Khadijatu a kunne. Daga nan zancen ya buɗe. Wannan ya ambaci yayarsa, wancan ya ambaci abokin zamansa na benci. Wasu sun yi kuka, wasu sun ba da labarin abin dariyar da mamacin ya taɓa yi, aka yi dariyar da hawaye. Duk wanda ya gama, wani sai ya matsa ya kai wa Khadijatu. Da rana ta take, malam ya sa aka ɗaga hannu aka yi wa waɗanda suka rasu addu'a, ya kira su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, harshensa bai maƙale ba. Halliru bai dawo ɗakin ba, amma yana tsaye jikin taga ta waje, shi ma ya shafa.

Washegari da safe Mode ya yi sallama a ƙofar gidan malam, da laka a ƙafarsa, daga fadama yake. Ya ƙi zama a tabarma.

"Malam, karatu munka ba ka ɗiya ka koya musu, ba tonon mamata ba. Yaro ya komo gida bai ci abinci ba, ya sa uwatai kuka. Wanda yat tahi addu'a a ka yi mai a yi shiru. Wa yas sa ka?"

Malam Shittu ya bar shi ya zazzage duk abin da ke cikinsa. Sannan ya ce, da ƙyar, yana tsayawa yana ci gaba, cewa ya ji zafin da ya jawo wa gidan, kuma yana roƙon a yafe masa wannan. Amma yaron ya daɗe yana ɗauke da maganar shi kaɗai, kuma akwai wata yarinya da ake gudu ba ta san laifinta ba. Mode ya ce shi bai zo don 'yar wani ba. Ya juya ya tafi, daga nan ya kai ƙara wurin hakimi.

Bayan hutu takarda ta zo cewa an mai da Malam Shittu wata makaranta a wajen Gandi. Ko ƙarar ce ta jawo, ko kuwa canjin da aka saba yi ne, bai taɓa sani ba. Malam Ibrahimu ya raka shi har bakin gari. Ya ce ya gaya wa masu dubawa cewa ba a taɓa samun ajin da ya fi nasa iya karatu ba, amma bai ɓoye musu cewa ya ba shi shawara ya ƙi ba. Suka yi musabaha ba tare da ɓacin rai ba.

Abin ya daɗe yana cin Malam Shittu. Wani lokaci yana cikin cin abinci sai ya ajiye hannu ya ce da Husainatu, anya ya kyauta da ya sa aka zuba wa yarinya ƙarama irin wannan magana a kunnen da ya rage mata? Husainatu ba mai lallashi da ƙarya ba ce. Takan ce ita da ita ce da ba ta yi ba, amma kuma ba ita ke tsaye gaban yaran kullum ba.

Labarin da ya iso shi daga baya, ta bakin Malam Ibrahimu da suka haɗu a wani taron malamai, shi ne Halliru da Khadijatu ba su zama abokai ba. A waje ko gaisawa ba sa yi. Amma a aji huɗu, ba wanda ya sa shi, yaron ya mai da wurin zamansa ƙarshen benci ta hagunta, in ana shifta yana maimaita mata abin da aka faɗa. An kuma daina wanke moɗa. Da ta gama aji huɗu ta koma Taloka wurin iyayenta. Zaman ƙarshen shekara kuwa, Malam Ibrahimu ya ce shi bai ci gaba da shi ba, ba irin aikinsa ba ne.

A Gandi Malam Shittu ya yi sauran shekarunsa na aiki. Ya ci gaba da zaman kowace shekara, wata shekarar ya yi armashi, wata kuma yara su yi ta zancen ƙwallo da akuya har a tashi. Bai taɓa zama hedimasta ba, domin masu dubawa sun ce ba zai iya yi wa baƙi jawabi ba, shi ma bai musa ba. Ya aurar da 'ya'yansa, gashinsa ya yi fari, idonsa ya fara rauni.

Ana saura kaɗan ya ajiye aiki, lokacin ana ta zancen Turawa za su tafi, wata ranar kasuwar Gandi yana taya barkono sai wani ƙaƙƙarfan saurayi mai jakunan albasa ya zo ya durƙusa gabansa. Bai gane shi ba sai da ya faɗi sunansa. Halliru ne. Suka koma inuwar rumfa suka gaisa sosai. Ya ce karatun bai yi nisa ba, ya koma gona, yanzu yana kai albasa kasuwanni. Ya yi aure, an haifa masa ɗa. Innarsa na nan da rai. Mode kuwa ya rasu bara.

"Allah shi jiƙan shi," in ji malam.

"Amin. Malam, ba ni ɓoye maka, Baba har yab bar duniya bai huce da kai ba."

Malam Shittu ya gyaɗa kai. "K-kai hwa?"

Halliru ya ɗan yi murmushi, yana wasa da igiyar jaki. "Ni ban sani ba, Malam. Wata rana in na tuna sai in ga ka kyauta. Wata rana kuma in ce da ka bar ni da abina. Amma na ji kana nan, na ce ba ni wuce garin ga ban gaishe ka ba."

Ya tambaye shi ko yana jin labarin Khadijatu. Ya ce tana Taloka, tana da 'ya'ya, tana ginin tukwane kamar gwaggonta, kuma mata na kawo mata lissafin adashi don ba ta kuskure. Ya taɓa ganinta a kasuwar Goronyo daga nesa, ta ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga.

Kafin su rabu ya kwance buhu ya cika wa malam ƙwarya da albasa manya, ya ƙi sauraron godiya, ya kora jakunansa ya shiga cikin kasuwa. Malam Shittu ya kai albasar gida, Husainatu ta shanya ta a kan rufin ɗaki. Da damina ta wuce suka tattara kayansu suka koma Wurno, gidan ubansa na unguwar marina, inda ya zauna yana karanta wa maƙwabta wasiƙunsu har ƙarfinsa ya ƙare.